Simintin da Goggo ke ba nono

Zuwa ga ƙanena Mamman, a Kumasi.

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina iyali, ina baƙunta? Mu nan lafiya lau, gero ya yi.

Albishirinka! Ka tuna guntun simintin da Nasaru masu awon ƙasa sunka dasa bakin fadamarmu, wanda Goggo Hajo ta ce doguwa ta shige shi, take zuba mai nono duk shekara? Don tsoro ba wanda ya tumɓuke shi.

To, sabuwar gwamnati ta ce garin da ke kan taswira kaɗai za a gina ma rijiya. Na tafi biro, ofishin gwamnati, a Dogon Dutsi, akawu ya duba ya ce, "Baba, nan ba suna, sai ɗigo da lamba. Ƙaƙa zan san tungarku ce?"

Na ce, "Ɗana, taho ka gani."

Ya taho, munka kankare busasshen nonon da ke kan simintin, sai ga lamba ta fito daidai da ta takarda. Jiya anka fara gina!

Goggo ta ce dama ta sani, mu ne jahilai. Yau ƙwarya biyu ta kai.

Ka yi muna addu'a ruwan ya yi daɗi. Gai da Hadiza da yara.

Yayanka, Garba.