Ni Na Ɗauki Hoton Alhaji, 'Yarsa Ke Shan Tsinuwa

Assalamu alaikum mai shafi. A ɓoye sunana. Masu zagi ku ɗan haɗiye tukuna, don an riga ku, kuma da bakina nake cewa amin.

Ni tsohon tela ne, Bakano. Karatuna bai wuce yaƙi da jahilci ba, nan ma malamin ne ya gaji ya sallame ni. Ɗana da ke karatu a Kuala Lumpur ya kawo ni a duba min ido, korona ta rufe hanya, na maƙale a unguwar Pantai Dalam. Ƙofarmu na kallon ta wani Bazazzage, zan kira shi Alhaji. 'Yarsa Asabe ta kawo shi maganin suga, likitoci suka yanke ƙafar hagu daga gwiwa. Bakinsa kuwa ba a taɓa ba. Kullum na leƙa gaisuwa sai ya ce, "Ga jakin Kano ya shigo, a ɓoye abinci."

Na ga yadda yake shan wuya da wando, sai Asabe ta ɗaga shi yana jin kunya yana huce haushin a kanta. Na ari keken ɗinki na yi masa wando mai zif tun daga ƙugu har ƙasa, ƙafar hagu gajera da maɓalli, yana daga zaune zai sa abinsa. Ko sannu bai ce ba. Asabe ce ta ce, "Baba Tela, wannan fa sana'a ce." Ita ta haɗa ni da wani mai kantin yadi a kasuwar Masjid India da ke sayarwa ta waya. Mutumin ya ce boleh, wato ya yarda, amma sai da hoton mai ƙafa ɗaya sanye da shi. Na roƙi Alhaji, na ce ai takunkumi zai rufe fuska.

"Ni zan yi maka talla? Uwata a Zariya ba ta san an yanke ni ba, kai kana nema ka kai dungulmina kasuwa? Fita, ɗan neman kuɗi da ciwon mutane!"

Maganar nan ta ci min rai. Ranar gwajin wando na biyu na yi kamar ina laluben lamba a waya, na danna na ɗauke shi hoto, na tura wa mai kanti. Jikata ce ta koya min, ba wanda ya sani. Na ce wa zai gane mutum cikin takunkumi? Wane jaki ne ke manta hula da zoben azurfa? Ni. Aiki ya yi ta shigowa, masu hannu ɗaya ma na yi musu riga. Hoton kuma ya yi ta yawo har ya faɗa wayar ƙanwarsa a Zariya. Tsohuwa ta kira tana kuka, wai ashe sai a tallan wando za ta ga abin da ya rage na ɗanta.

Na shiga ina jiran ya rufe ni da sandarsa. Sai ya nuna Asabe. "Ke ce. Ke kika san mai kanti. Wannan jakin ko buɗe waya bai iya ba." Jama'a, rainin da ya yi min shi ya cece ni, kuma wallahi a lokacin daɗi na ji.

Yau kwana goma sha ɗaya ba ya karɓar abinci daga hannunta. Mai ciwon suga fa! Sai abin da na yo masa tapau, wato ƙunshi, daga mamak, shagon abincin Indiyawa Musulmi, shi ma yana ci yana zagina. Ya ce duk wanda ya ɗauki hoton nan Allah ya isa, ya juyo ya ce, "Bakano, ba ka ce amin ba." Na ce amin. Kullum sai na ce.

Kada wani ya rubuto min wai in ji tsoron Allah, na san hanyar masallaci. Shi Alhajin waliyyi ne? Wandon da yake tsine wa shi ne a jikinsa yanzu haka. Amma yarinyar fa? Ta ajiye karatunta tana wanke masa ciwo, ya ce da an buɗe filin jirgi zai tafi, kuma ko gawarsa kada ta raka.

Jiya muka haɗu a bakin lif. Ta gaishe ni har ƙasa, ta miƙo wayarta, ta buɗa hoton da yatsu biyu. A madubin da ke bayan keken guragunsa ga wani tsoho nan da koren tef ɗin awo a wuya, ya ɗaga waya.

"Baba Tela, tun ranar farko na gani," in ji ta. "Ban faɗa ba ne don kai kaɗai ka rage yake karɓar abinci a hannunka."

Idan na faɗa, zai daina cin abinci gaba ɗaya. Idan na yi shiru, zai tafi da tsinuwa a kan 'yar da ke rufa min asiri. Ga shi an kira azahar, yana buga bango da sanda, jakin Kano yake jira ya kawo shinkafa.

Me zan yi?