Ɗigon Tungar Nagode

Alhamis, 14 ga Sha'aban 1446, a gidana da ke Talata Mafara.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Tun shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya rufe Tungar Nagode nake riƙe da wani abu a zuciya, kuma da alama da shi zan tafi. Ba ruwan nake jin haushi ba. Ruwa ya ciyar da mutane shinkafa da albasa, har da ku. Taswira nake jin haushi. Ina ma'aikacin safiyo a lokacin, wato masu awon ƙasa, da takardar makarantar Kaduna a hannuna. Da aka fito da sabuwar taswira na nemi garin kakana, sai na tarar da shuɗin fenti kawai. Na roƙi shugabanmu a sa sunan, ko da ƙananan baƙaƙe ne. Ya ce taswira ta matafiya ce, kuma babu mai tafiya can. Daga ranar aka ɗauke ni mai taurin kai. Yaran da na koya wa riƙon kamfas suka wuce ni ina kallo, har na yi ritaya a kujerar da na fara zama.

Ni Labaran, jikan Nagode, nake rubuta wannan da hannuna, hankalina cikakke, ba wanda ya matsa mini. Ƙafafu ne suka kumbura, likita kuma ya daina kallon idona in yana magana. Zuwa ga ɗiyana uku: Babba, da Kamilu, da auta Mufida.

Na ɗaya. Gidan nan da gonar Morai da 'yar fadamar hanyar Bakura, Allah ya riga ya raba su. Ku kira malamai su bi abin da shari'a ta ce, kada kowa ya kawo nasa lissafin. Ban bar muku bashin kowa ba. Amma Sambo mai jirgi na bakin dam bai taɓa yarda ya karɓi ladan fito daga hannuna ba. Ku kai masa rediyona da rigar ruwata, ku ce daga Malam ne.

Na biyu. Laftof ɗina, da 'yar na'urar GPS da ake soka mata, ba su cikin gado. Na ba Mufida su kyauta da raina, a gaban limamin unguwa da abokina Augustine. Kada wani ya ga ƙanƙantar abin ya ce mene ne na rubuta shi a wasiyya. Ku saurara.

Augustine, wanda muka ja sarƙar awo tare tun muna samari, shi ya kawo mini na'urar bayan mun tsufa. Ba ta fi akwatin ashana ba. Mufida ta ɗora ta a kan katanga ta jona wayarta da laftof, muka zauna muna kallon allo. Sai wasu sanduna suka fara tashi, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kowace sanda tauraro ne da mutane suka harba, yana can sama da gajimare, sama da hanyar jirgin sama, ba abin da yake yi sai faɗin lokaci, kuma daga bambancin isowar maganarsu na'urar ke lissafa inda take. Sai ga ɗigo ya bayyana a daidai tsakar gidana. Na ɗauki laftof da na'urar na taka zuwa bakin rijiya, ɗigon ya biyo ni. Na koma gindin darbejiya, ya koma. Aikin da mukan yi mu tari guda, da tutoci da sarƙa da ƙunar rana, ga shi wani abu da ban iya gani ba yana yin sa daga sama kafin in ɗaga ƙafa. Mufida ta ce, "Baba, shayinka fa ya huce tun ɗazu." Ban ji ta ba sai da ta maimaita. Abin da ke raina shi ne, in ɗan Adam mai mantuwa ya iya wannan, ina ga Wanda ya san inda kowace ƙwayar gero ta faɗi tun da aka fara shuka? Ni da na daɗe ban yi mamakin komai ba, ranar nan na yi tasbihi har bakina ya bushe.

Sai dai na'ura ba ta aiki sai da manhaja, kuma a nan zaɓi yake. Uku muka gwada. Ta farko mai muryar mace ce, ta masu mota, ba ta san komai ba sai titi. Muna tsakiyar ruwa ta janye ɗigona ta ɗora a kan kwalta, tana ta cewa mu juya. Sambo ya yi dariya har ya kusa sakin filafili, ya ce, "Malam, wannan baiwar Allah ba ta taɓa shiga jirgi ba, a sauke ta a gaɓa." Ta biyu tana da kyawawan hotunan sama, har rumbuna kana gani, amma da sabis ya ɗauke sai allo ya yi fari. Ta uku ba kyau, ba murya, kyauta ake samunta. Amma tana ajiye taswirarta a cikin laftof, tana barin ɗigo inda yake, kuma tana yarda ka kafa alama ka rubuta mata sunan da kake so. Da yatsa ɗaya na rubuta Tungar Nagode a kan shuɗin nan. Ba wanda ya ce mini babu mai tafiya can.

A wata bazara ruwa ya ja baya yadda bai taɓa yi ba, har kufan garin ya fito. Muka ɗauko Gwaggo Safara'u, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage cikin manyan da suka san garin ɗaki-ɗaki. Ni kaina ban gane komai ba, laka ce shimfiɗe, ba katanga ba itace. Ita kuwa ta tsaya ta shaƙi iska, ta dogara sandarta ta kama tafiya. Ta taɓa wani dutsen niƙa da ƙafa ta ce na gidanmu ne. Ta nuna kututturen tsamiya, da bakin rijiya, da inda masallaci yake. Duk inda ta tsaya ina kafa alama. Can ta daka sanda a ƙasa ta ce, "Ɗan nan, cire takalmi. Innarka ce a nan." A bayan ɗakinta aka rufe ta, kamar yadda ake yi a ƙauye a da, ina Kaduna ina jarrabawa. Na durƙusa a laka, laftof a cinyata, taurari suna ba ni lambobi. Da damina ta sauka ruwa ya dawo, kuma bai sake ja har can ba. Gwaggo ta rasu kafin kaka. Amma a shekarun da suka biyo baya, kowace shekara Sambo kan tuƙa ni har ɗigon jirgi ya hau kan alamar, ya riƙe jirgin, in yi wa Inna addu'a. Ruwa ne ta ko'ina, amma na san a kanta nake.

Sauran labarin kun san shi, amma ban taɓa faɗa muku shi da bakina ba. Ana gobe jajibirin wata Babbar Sallah, Babba ya ga laftof tana nauyin buɗewa. Ya ɗauka ya kai wa wani mai gyara a kasuwar Talata, aka wanke ta tas, aka sa mata sabuwar manhajar nan mai murya, irin wadda yake bi da ita in zai kai albasa kudu. Filashin da na kwafe alamomin a kai yana cikin jakar laftof ɗin, shi mai gyaran ya share ya yi aikinsa da shi. A takarda kuwa ban rubuta su ba, don na daina yarda da takarda tun ranar shuɗin fenti. Babba ya ajiye jakar a ƙofar ɗakina ya tafi. Goron Sallarsa ke nan.

Na uku. Kamilu, gabar da kake yi da yayanka ta ƙare daga ranar da aka karanta wannan. Na ji abin da ka faɗa masa a zaure, cewa ya sake binne kakarku. Magana ce mai nauyi, ka je ka janye ta. Kai da Mufida kun san abin da ke cikin laftof don kuna zama kusa da ni muna hira. Shi ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama a tabarmata ba, in na shigo yakan tashi. Ta ina zai ji labarin kabarin Inna? Ta ina zai tambaye ni ko a taɓa kayana? Haka muka tarar ana yi, haka muka yi, kuma ga abin da ya jawo mana. Ya so ya kyautata wa ubansa ne ta hanyar da aka bar masa, wato daga nesa kuma a shiru.

Na huɗu. Mufida, laftof za ta tsufa, manhajar ma wata rana za a daina yin ta. In kin tashi zaɓen wata, kada kyan allo ya ruɗe ki, kada ki bi daɗin murya. Ki kashe data tukuna ki gani ko tana aiki. Kin tuna shekarar da aka katse layukan waya a jihar nan, kowa ya makance, tamu ba ta ko girgiza ba. Ki tabbatar tana barin ɗigo inda Allah ya ajiye mutum, ko a ruwa ko a daji, ba ta jan sa zuwa titi. Ta nuna miki lambobin wurin ƙarara, da yawan taurarin da take ji, ta kuma faɗi iyakar kuskurenta. Abin da ba ya faɗin kuskurensa, mutum ne ko na'ura, na yi aiki da irinsu, kada ki yarda da shi. Sannan ta bari ki fitar da alamominki zuwa wata manhajar. Wadda ta riƙe miki su ta ce sai a cikinta kaɗai, ki rabu da ita tun da wuri.

Na biyar. Bayan mun mayar da manhajarmu, abin da na iya sake tarawa na tara: burtalin Dosara kafin gonaki su cinye shi, tsofaffin rijiyoyi, sunayen tungaye da fadamu tsakanin Bakura da Maradun waɗanda ba su a taswirar kowa. Ku kwafe su gida uku, kowa ya riƙe nasa, ku kuma rubuta su a takarda duk da abin da na ce game da ita. Kwafin farko a ba Babba. A zaunar da shi a nuna masa kowace alama a faɗa masa labarinta, kada a sake barin sa a waje.

Na shida. In hanya ta yi lafiya, ku je dam ku uku a jirgi ɗaya. Alamar Tungar Nagode da ke ciki yanzu da ƙiyasi na kafa ta, ta gari ce gaba ɗaya. Ku tsaya a kanta ku yi wa mutanen da ke ƙasan ruwan addu'a. Ku ɗaga kai kuma ku tuna akwai abubuwa a sama da rana tsaka, ba ku ganin su, suna faɗa muku inda kuke.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ɗiya masu jin ƙanku. Ya haɗa kanku a bayana fiye da yadda na iya haɗa shi a gabana. Kada ku bari a raba zumunci tare da gona. Sufyanu, ɗana na fari, ga shi na rubuta sunanka. Na yafe maka, ka riƙe ƙannenka.

Lambobin farko na wurin Inna suna kaina har yau, amma su na yankin ne duka. Na ƙarshe, masu nuna inda take, suna cikin abin da aka goge. Gwaggo ta rasu, ruwa bai sake ja ba. Babu wani mai rai da ya san inda kabarin yake.

Labaran jikan Nagode