A Fara Zama a Ɗakin Ƙasa Kafin a Haƙa Sabon Sokawe

Zuwa ga Baba Alhaji, shugaban kwamitin gidan ƙungiyarmu na Fort Washington.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Baba da iyali kuna lafiya.

Ni ce Rumasa'u, 'yar Malam Ɗanlami, wadda ke zama a layin baya a Islamiyyar Asabar. Ba a san ni da magana ba. Idan babba ya dube ni, ƙasa nake kallo. Hausar ma a littattafan soyayyar da gwaggona ke aiko mini na koyi rubuta ta, a yi mini uzuri.

Na ji kwamiti zai zaɓi ɗaya: ko a haɗa gidan da babban bututun ƙazanta na gari, ko a haƙa sabon sokawe. An ce kun fi karkata ga sokawe saboda sauƙin kuɗi. Ga abin da na sani.

Na ɗaya. Tsohon sokawen nan don iyalin Bature ɗaya aka yi shi. Mu kuwa ranar Asabar kowa sai ya yi alwala. Ranar Sallah ga wanke tukwane, ga kitsen nama a sinki, ga motocin baƙi a kan ciyawa, daidai inda ruwan sokawen yake tsanewa a ƙasa. Ko an yi sabo, mu ɗin dai ne za mu cika shi.

Na biyu. Idan ya cika, ba sama yake hawa ba, inda maza suke. Ɗakin ƙasa yake dawowa, ajinmu. Babbar Sallar da ta wuce, muna zaune da sababbin kaya, sai baƙin ruwa ya ɓullo ta magudanar banɗaki ya bi kafet. Na ɗebi Alƙur'anai na ruga, leshina yana jan ƙazanta. Na tsaya a bakin matakala ina jin dariyar maza a sama, babu wanda ya san abin da ya faru.

Akwai wani lungu a bayan gidan da ciyawarsa ta fi ko'ina kore. Nan nake zama da littafina, ina ƙissima irin lambun da ake kwatantawa a labari. Sai da mai kwasar sokawe ya zo na san abin da ke shayar da ita. Ban sake zama ba.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Tun daga ranar Sallar nan aka kulle banɗakin mata. Mai buƙata sai a kai ta banɗakin gidan mai. Wace budurwa ce za ta je gaban maza ta ce a ba ta mota, fitsari take ji? Ƙawayena sun fara daina zuwa. A ajinmu ne kawai muke jin Hausa ban da gidajenmu, ƙannena ma da Turanci suke amsa wa Umma. Idan ajin nan ya watse, ba zai sake haɗuwa ba.

Roƙona, Baba, a haɗa mu da bututun gari, ko da sai an daɗe ana tarawa. A kuma sa mace a kwamitin.

Idan har yanzu akwai mai shakka, zaman da za ku yanke shawara ku yi shi a ɗakin ƙasa, ku cire takalma, ku zauna a kan kafet ɗinmu. Zan zo. Kuma zan yi magana.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya yi muku jagora.

Wassalam.

'Yarka,
Rumasa'u Ɗanlami