Bitamin da Kiyashi

Litinin, 4 ga Agusta

Na sake tsuke zariyar wandona. Daga gida zuwa kasuwar Isa sai da na zauna sau biyu. Na duba kaina, na yanke hukunci: ƙarancin bitamin ne. Shekara goma sha tara ina koyar da kimiyya, ai ba sai likita ya gaya mini ba.

Alhamis, 7 ga Agusta

Kemis ɗin Labbo. Ya jera mini kala uku: jar ƙwaya, wata 'yar Maraɗi mai rubutun Faransanci, da na ruwa mai kauri kamar zuma. Na daɗe ina duban Faransancin ina gyaɗa kai, kamar ina ji. Labbo ya ce, "Malam, wanga na ruwa shi mutanen Gangara ka saye. Ko tsinke ya sha sai ya yi kumatu." Na yi masa dariya, sannan na saye shi. Cokali biyu bayan koko, kullum.

Asabar, 9 ga Agusta

Fitsari ya yi rawaya. Labbo ya ce shaidar aiki ke nan. Ƙishirwa dai tana nan, ni da randa kamar sababbin aure.

Laraba, 13 ga Agusta

Matata Tasalla ta kira ni zuwa makewayi. Kiyashi sun yi baƙi daidai inda na tsuguna. "Malam, haka Yaya Kalilu ya fara." Na ce damina ce, kiyashi ba su da wurin zuwa.

Kalilu wana ne. Ciwon suga. Aka yanke ƙafa, daga baya aka binne sauran. Da muka ɗaga gadonsa, kwalaben maganin ƙarin jini ne reras a ƙasa. Har ba'a na yi a zuci lokacin, Allah ya yafe mini.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ban sha ba. To, cokali ɗaya.

Asabar, 16 ga Agusta

Gwangwani biyu a gindin katanga, ɗaya ruwan rijiya, ɗaya fitsarina. Kafin La'asar kiyashi sun zaɓa, ba su yi gardama ba. Gwajin ya fita tsaf. Da ɗalibi ne ya yi shi, da na sa an tafa masa.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na tambayi Labbo yadda ake awon suga, na ce don wani abokina. Ya ce da safe, kafin a sa komai a baki. Ya dubi wuyan rigata, ya ce, "Allah ya ba abokin naka lafiya, Malam." Bai yi tallar komai ba.

Litinin, 18 ga Agusta

Za ni kasuwa, ta hanyar asibiti. Ta fi nisa, amma ta fi inuwa. Tasalla ba ta kawo koko ba, ni kuma ban tambaya ba. Kwalbar bitamin ɗin tana gindin katanga a buɗe. Kiyashi su sha, su yi kumatu.