Abin da Likita ta Gani a Jinin Malam

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu ma lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, har yanzu ba ta yarda a wanke mata ko ɗankwali ba. Auta ta ci jarrabawa, kullum sai ta tambaya yaushe za ki zo.

Yaya, na rubuto ne saboda maganar nan ba ta faɗuwa a waya, don duk inda na tsaya a gidan nan maigidana Malam yana jiyo ni. Kin san watanni uku ke nan da aka gama yi masa gashin na'ura da ƙarin ruwan maganin kansar maƙogwaronsa. Muryarsa ta dawo, ko da yake a dishe, kuma ya fara haɗiye abinci ba sai da ruwa ba. Makon jiya aka ɗauki hoton wuyansa, aka ce ba a ga komai ba. Da kin ga murnar da ya yi a barandar asibitin, har mai shara sai da ya miƙa wa hannu.

Amma akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Tun ranar farko Malam ya roƙi likitarsa cewa duk abin da ya shafi yadda ciwon zai kasance nan gaba, kada a faɗa masa, a faɗa mini. Ya ce shi malamin lissafi ne, in aka ba shi adadi ba zai daina juya shi a kai ba. Ni kuwa na amsa, don ban san nauyin abin da na ɗauka ba. To ranar da aka ba mu sakamakon hoton, bayan ya fita, sai likitar ta ce in zauna. Ta bayyana mini cewa ciwon yakan zubar da ɓurɓushin ƙwayoyin halittarsa a cikin jini, kuma akwai gwajin da ke gano shi tun hoto bai nuna komai ba. Ta ce sun so a ce jinin Malam ya fita fes, amma akwai saura, kaɗan. Masu irin wannan sakamako, in ji ta, ciwon ya fi yawan dawo musu, ko da yake ba ta yanke hukunci a kan Malam ba. Na tambaye ta me za a yi. Ta ce ba za a yanka abin da ba a gani ba, sai dai a sake ɗibar jini bayan mako shida, a kuma matso da hoto na gaba.

Tun ranar nake kamar wadda aka kulle a ɗaki. Shi kuwa Malam ya sa an rage masa wuyan rigunansa saboda ramar da ya yi, ya jera littattafansa a kan teburin falo, ranar Litinin zai koma aji. Shekaranjiya na kai masa shayi da niyyar in faɗa masa, har na buɗe baki. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce yana fatan ban manta alkawarinmu ba, ya ci gaba da fiƙe fensirinsa. Ban sani ba ko ya gane. In na faɗa, na karya alkawari na kuma ƙwace masa 'yan makonnin nan na farin ciki. In na yi shiru, ina kallonsa yana tsara darasin shekara guda. Inna ba za ta iya ɗauka ba, yaran kuma ba su kai ba. Ke kaɗai na gaya wa, don Allah ya tsaya a wurinki.

Ki gaishe mini da maigidanki, da tagwayenki, da Gwaggo in kin leƙa ta. Inna da Auta suna gaishe ki. Malam yana ta cigiyar kiranki, don haka ki kira shi ki yi masa barka da sakin murya, yadda kika saba tsokanarsa. Amma in ya miƙo mini wayar, Yaya, ni kada ki yi mini barka. Ki tambaye ni ko na ci abinci kawai.

Taki har kullum,
Ƙanwarki