Katakon Jirginka Ya Hau Rumfa

Assalamu alaikum, ƙanena Garba. Ya aiki, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mu nan Yauri lafiya lau, sai dai zama ya gagare ni.

Tun bara ake cewa ɗanka Sanusi dambe yake so, ba kamun kifi ba. Na ce zancen kasuwa ne. To, ya kafa faifan katako a rumfa, ya rataya 'yar jakar fata yana naushi, tana dukan katakon tana dawowa. Na farko bai yi nauyi ba, rumfar duka ke rawa. Sai ya ɓalle katakon maɗaci daga jirgin da ka bar mini amana, wai shi ne ba ya motsi.

Ga ruwa ya kawo, jirgin kowa na tafki, naka na gaɓa da ɓaraka. In ƙwace katakon ko in ƙyale shi? Ka aiko da amsa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajara da yara. Kada ka ce a kai ƙara wurin Inna. Ita ta ba ni ƙarshen labarin, tana dariya, wai ita ta riƙe masa ƙusoshi.

Yayanka, Mamman