Famfas ɗin Baba a Kan Igiyar Shanya

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zuciyata take raya mini, domin wallahi na kai maƙura.

Gidan haya muke, ni da mahaifina. Tela ne, har gobe Baba Tela ake ce masa, ko da yake tun da ɓarin jikinsa ya shanye keken ɗinkin yana lulluɓe da zani. Mutum ne mai tsaftar tsiya. Ina ƙarama, ko wanki aka yi masa sai ya ɗaga rigar ya duba wuya. Yanzu ba ya iya riƙe fitsari da bayan gida, sai da famfas na manya. Ni nake sa masa, ni nake cirewa, yana kallon bango ina kallon ƙasa, ba mu taɓa yin maganar ba. Babu wanda ya sani a gidan. Da hantsi nakan fito da shi kan kujera cikin farar riga da hula ya sha rana, ana wucewa ana gaishe shi.

Unguwarmu motar shara ba ta shigowa. Tsohon duro ne a bayan gida, kowa ya zuba, kowane ɗaki da makonsa na ƙonawa. Juji da nisa, ni kuma ina tsaron kemis, sai yamma nake dawowa a gajiye. To ina zan kai su? Sai in ƙulle a baƙar leda, in ninka da wata, in cusa can ƙasan duron. In makona ne dai nakan tara a bokiti mai murfi, tunda na san jiƙaƙƙen abu ba ya cin wuta, sai makon ya wuce in zuba a duron.

Akwai wata a gidan, Mai Firiji muke ce mata saboda tana sayar da ƙanƙara. Bakinta ya fi na kowa tsawo. Da makonta ya zo, ta zuba kananzir wuta ta ƙi ci, sai hayaƙi mai wari ya cika ɗakuna. Ta sa sanda ta tona, ta farka ledojin. Anti, maimakon ta zo ta same ni, matar nan sai ta ɗebo su, ta jera a kan igiyar shanya daidai ƙofarmu, har da sa maƙalai kamar wanki. Ta dinga ƙwala wa matan gida kira su zo su ga jinjiri mai furfura, wai an haihu a ɗakinmu ba a gaya wa kowa ba. Wasu suka toshe hanci, wasu suka yi dariya. Baba yana zaune a kan kujerarsa, abin yana ɗiga a gabansa, ba shi da ƙafar tashi. Haka na dawo na tarar da shi, ya ja hula ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya.

Tun ranar bai sake fitowa ba. Ya daina shan ruwa, abinci sai loma biyu, don kada ya ɓata famfas. Leɓɓansa sun tsage. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Abin da kawai ya ce mini shi ne in na tashi kai shara juji in haɗa da shi in huta.

To ni ma na san tona duro. Na tsinci kwalayen magani a sharar ɗakinta, kuma aikina ne, kallo ɗaya na gane na farfaɗiya ne. 'Yarta budurwa ce ke sha, suna ɓoyewa. Na tattara su tsaf na adana. Ƙarshen watan nan dangin saurayin yarinyar za su zo gidan, ina so in jera musu kwalayen a kan igiyar nan, da maƙalan nan, su ma su sha kallo. Yarinyar dai ba ta yi mini komai ba, har yanzu takan tsaya a ƙofa ta gaishe da Baba ko bai amsa ba, amma ta nan ne kawai zan samu uwar. Ina so ta ji abin da na ji. Anti, in na yi, na yi laifi? Kuma yaya zan yi da Baba da sharar nan, ga bokitin ya cika?

'Yar Tela

*

'Yar Tela,

Abin da matar nan ta yi mugunta ce tsagwaronta, ba zan yi mata kwaskwarima ba. Wanda ya tozarta dattijon da ba ya iya tashi daga kujera ya ji kunya. Kina da gaskiyar jin zafi.

Sai dai ki sake karanta wasiƙarki. Kin san famfas ba ya ƙonuwa, shi ya sa kike ajiye shi a makonki ki zuba a makon wasu. Kin daɗe kina bar wa maƙwabta hayaƙin abin da ke da kanki kika guje masa. Wannan bai wanke ta ba, amma daga nan rigimar ta tashi, kuma daga nan za a fara gyara.

Baba ne farko. Tsoho marar lafiya da ya daina shan ruwa yana cikin haɗari, ki kai shi asibiti yau, kada ki jira ya yarda. Ki gaya wa likita dalilin ƙin shan, har da maganar jujin da ya yi, domin ba maganar wasa ba ce.

Batun shara kuwa, famfas ya bar duron nan har abada. Ki juye ƙazantar a masai, ki naɗe, ki ƙulle a leda, ki yi magana da mai baro ya riƙa ɗauka zuwa juji kafin ya taru. In aljihu bai kai ba, da rana ki koma tsumma mai wankuwa da ledar shimfiɗa, famfas ya zama na lokacin barci. Ki samu mai gidan ko babba a cikinku a zauna a raba shara: ɓawo da ragowar abinci a rami, gwangwani da robobi ga masu saye, duro ya zama na busasshen abu kaɗai. A wannan zaman ki ba da haƙurin hayaƙin a gaban kowa, sannan ki nemi Mai Firiji ta je har ɗaki ta ba Baba haƙuri. Mai yiwuwa ta ƙi. Ko ta ƙi, waɗanda suka yi dariya ranar za su sunkuyar da kai.

Kwalayen nan kuma, ki yayyaga su ki zubar. Farfaɗiya ciwo ne kamar na Baba, babu wanda ya saya da kuɗinsa. Gaya wa saurayi haƙƙin yarinyar ne da iyayenta, ba na igiyar shanya ba. Da sanin da kika samu a kemis kika gane maganin, kuma amana ce, in kika tona aikinki ma zai iya tafiya. Kin ce kina so uwar ta ji abin da kika ji. To za ta ji, amma wadda za ta ji abin da Baba ya ji ita ce yarinyar, mutum ɗaya tak a gidan da har yanzu take tsayawa a ƙofarsa. Ranar da kika jera kwalayen nan, gidanku ya samu Mai Firiji ta biyu, kuma a ɗakin Baba take kwana.

Abu na ƙarshe. Kin ce ba ku taɓa yin maganar ba, shi yana kallon bango ke kina kallon ƙasa. Shirun nan naki, bayan abin da ya faru, yana iya ɗaukarsa ƙyama ce. Gobe in kina canja masa, ki ɗago kai ki dube shi. Ki gaya masa da bakinki cewa ba ki gaji ba, kuma shi ba shara ba ne, ubanki ne. Sannan ki miƙa masa kofin ruwa, ki zauna har ya sha.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sanyaya zuciyarki, Ya rufa muku asiri, ku da yarinyar nan.

Antinki